Wayar Alhaji Mai Kwaɗo

Damina biyu a jere rufin turakar Alhaji yana zuba, sai a bara muka haɗu muka ce a kwashe kayan ciki a gyara. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙan sa, kuma babu wanda ya taɓa komai a ɗakin. A ƙarƙashin gado, bayan wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin rasiɗan cinikin fata da ƙirgi, na jawo wani abu nannaɗe cikin buhun gishiri. Ina warwarewa sai ga wayar gidanmu, ta girke, mai faifan nan da ake sa yatsa a juya. Har ɗan kwaɗon da Alhaji yake danna mata yana nan maƙale a ramin lamba 1.

Na kai wa Inna ita tsakar gida. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Mi za ka yi da wagga tsohuwar waya? Ba 'yan gwangwani su ba ka na goro." Na ce a bar min ita dai.

Wanda bai riski zamanin ba zai yi wuya ya gane matsayin wannan abu a gida. Lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar kaf ba su kai 20,000 ba, kuma har zuwa 2001 da salula ta shigo ba su wuce rabin miliyan ba. Alhaji ya sa tasa a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da harkar waya ke hannun ma'aikatar P&T, kafin a haɗa ɓangaren tarhonta da NET, kamfanin kiran ƙasashen waje, a 1985 a kafa NITEL. Da ita yake jin farashin jar fata a Kano da Legas. Lambar Sakkwato 060 ce, kuma rabin unguwarmu ta Ƙofar Atiku lambar gidanmu suke ba 'yan uwansu na nesa. Mu yara aikinmu ke nan, waya ta yi ƙara, a ce ruga ka kira wance, ɗanta zai sake bugowa bayan la'asar. Amsa kira kyauta ne, bugawa ce ke cin kuɗi, dalilin kwaɗon ke nan. Makullin kuwa a aljihun 'yar-sharar Alhaji yake kwana.

Ina da tsohon ciwo game da kwaɗon nan. Wata shekara, ina aji biyu na sakandare, takardar kuɗin waya ta zo da abin da ya ta da hankalin gidan. Kira ne rututu zuwa Zariya, 069, akasari da tsakar rana lokacin Alhaji yana kasuwa. Da yake ni ne mai share turaka, ni aka kama. Na rantse har na gaji, na sha bulala, maganar ta wuce ba a gano komai ba.

Abu na farko da na yi shi ne kai wayar wurin wani mai yankan makulli a Tsohuwar Kasuwa. Ban so a fasa kwaɗon ba. Da 'yar waya siririya ya buɗe shi cikin minti biyu, ya kuma yanka min sabon makulli. Da na sa yatsa a sifiri na ja na saki, faifan ya ɗan motsa, ya tsaya a rabin hanya kamar jakin da ya ƙi tafiya.

A gida na kife ta na goge gindinta. An buga lamba 746, gefe kuma 74, wato shekarar da aka ƙera ta. Samfurin gidan waya na Ingila ne, wanda suka fara fitarwa a 1967 ya gaji samfurin 706 na 1959. Noti ɗaya ne tak a bayanta. Ka kwance shi, ka danne 'yan maɓallan da kan waya, wato abin da ake karawa a kunne, ke zama a kai, ka ɗaga murfin daga baya, shi ke nan ta buɗe. Abin da na tarar a ciki ya ba ni dariya. Zanzaro ya gina ɗakuna biyu na laka a cikin kokon ƙararrawa, ga ƙwan kyankyaso a kowane lungu, ga ƙurar hunturun shekara ashirin da wani abu ta yi dandaɓe. Amma babu tsatsa sai kaɗan. Bushewar garin nan ta yi mata rana. Da a ƙasar danshi ta kwanta haka, da ba wannan zancen ake ba. Kafin in taɓa kowace waya na ɗauki hoton yadda aka ɗaura su, domin akwai notuna 19 a jere, T1 zuwa T19, kuma idan ka rikita su ka shiga uku.

Wankin murfi da kan waya ba shi da wani labari: ruwan ɗumi, sabulu, tsohon burushin goge haƙori, tsinken sakace don ramukan magana. Kayan ciki kuwa ba a kai musu ruwa, burushi ne busasshe da hurawa.

Daga nan na yi gyaran gangar Abzinawa. Na ga faifai ya cije, hankalina ya ba ni cewa mai yake so, sai na ɗauko man keken ɗinkin matata na tsiyaya masa a duk inda na ga haƙori. Nan take ya saki, yana komawa fir kamar an harba kibiya. Na yi ta murna. Bayan kwana goma, ana cikin hazon watan Janairu, ƙura ta bi man ta zama kwaɓi, faifan ya koma ya fi da cijewa.

Mai gyaran rediyon layinmu a Mabera ya ce shi wannan ba fanninsa ba ne, amma ya kwatanta min gidan wani dattijo a Runjin Sambo wanda ya yi aikin waya tun zamanin P&T har ya yi ritaya. Kowa Baba Injiniya yake ce masa. Na same shi a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa. Bayan mun gaisa na buɗe jaka, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai faifan hanci ya shinshina.

"Wa ac ce ka sa mata mai?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni na ga ta cije."

"Wanga wuri bai son mai. Ka kashe gwamna."

Na ɗauka ba'a yake yi. Ashe sunan abin ke nan a wurin masu sana'ar. Ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya kwance faifan daga mazauninsa ya kife shi, ya nuna min. Idan ka ja faifai da yatsa, sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke mai da faifan baya, kake ɗaurewa, ba ka aika komai ba tukuna. Sai ka saki, yana komawa, sannan wasu 'yan harsunan ƙarfe biyu ke rabuwa suna haɗuwa, suna yanke wutar layi suna mayarwa. Ka juya 3, su yanke sau uku. Ka juya 9, sau tara. Sifiri sau goma. Injin da ke ofishin waya ba ya ganin lamba, yankewar nan kawai yake ƙirgawa. To amma dole ta zo a kan ƙa'ida, sau goma a daƙiƙa ɗaya, kuma a tsarin Ingila lokacin yankewa ya ninka na haɗuwa sau biyu. Mai tsare wannan ƙa'ida shi ne gwamna: wani ɗan kofin tagulla da bai fi kan ɗan yatsa ba, a cikinsa akwai fikafikai biyu masu ɗan nauyi a baki. Gudu ya yi yawa, su buɗe su goga jikin kofin su rage shi. Birki ne ke nan. Ni kuwa na je na zuba wa birki mai.

Kwana uku ina zuwa bayan la'asar. Shi ba ya taɓawa sai dai ya nuna da tsinke, ya ce idonsa ya yi rauni, amma ina jin so yake hannuna ya koya. Muka wanke giyoyin da sifirit da ɗan burushi, muka goge cikin kofin gwamna da auduga har ta daina fitowa da baƙi. Ya hana ni kwance babban sifirin, ya ce idan ya tsinke ya warware sai mun kwana muna nema. Harsunan yanke wuta kuwa ba a kai musu sanfefa ko reza; 'yar farar takarda ake yankowa a zura tsakaninsu a ja har sai ta fito fes. Mai kuma, da ya zo sa shi, da bakin allura ya ɗiga, ɗigo ɗaya a kan kowane ƙarfen da giya ke juyawa a kai, irin man masu gyaran agogo. Duka abin da ya shiga bai kai abin da zai jiƙa ƙwayar gero ba.

Saitin gudu ne ya fi cin rai. Idan faifai na nawa, sai a ɗan matse fikafikan gwamna ciki. Idan yana gaggawa, a ɗan buɗa su. Ɗan kaɗan fa, wanda ido ma ba ya gani. Ni na zo da dabarar zamani, ina naɗar ƙarar da salula ina duba tsawonta. Baba Injiniya kunne kawai yake karawa. Sau huɗu yana cewa "ta yi nawa" ko "ta yi sauri", sau huɗu salula tana gaskata shi. A na biyar ya ce ta zauna. Na duba, daga sakin sifiri zuwa tsayawa daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya.

A zaman nan ne ya ba ni labarin wanda ya ƙago injin haɗa kira, Almon Strowger, mai sana'ar shirya gawa a birnin Kansas na Amurka. Ana cewa ya zargi afaretar garin, mai haɗa kira da hannu, da karkatar da masu kiransa zuwa wurin abokin hamayyarsa, sai ya ƙudura yin injin da zai raba mutane da afareta. Ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1891. Baba ya ce irin injin da suka yi aiki da shi ke nan a farkon shigarsa, ɗaki guda yana ta ƙaƙas-ƙaƙas dare da rana, kuma daga ƙarar kaɗai suke gane wanda ya kusa lalacewa.

Ranar ƙarshe ya ga kwaɗon a jakata, ya yi murmushi. Ya ce wannan ai tsoratar da baƙo ne kawai. Tunda lamba yankewar layi ce, maɓallan da kan waya ke zama a kai su ma layin suke yankewa. Wanda ya iya hannunsa sai ya ɗaga kan waya ya riƙa bubbuga su da sauri, shida ya buga shida, ya ɗan dakata, ya buga ta gaba. "Yaran makaranta sun ba mu wahala da wanga abu," in ji shi. "Uba shi zo ohis shina rantsuwa makulli na aljihunai." Ban ce masa komai ba, amma a kan babur ina komawa gida biri ya fara yi min kama da mutum. Matar Yaya 'yar Zariya ce.

Sauran aikin na ƙarasa a gida. Abin magana na cikin kan wayar garin gawayi ne a cikin ɗan gwangwani; muryarka ke matsa shi tana sassautawa, wutar da ke ratsa shi tana sauyawa daidai da haka. Idan ya daɗe a ajiye sai garin ya dunƙule, murya ta riƙa fita kamar ana soya gyaɗa. Na ciro shi na ɗan ƙwanƙwasa a tafin hannu ta kowane gefe, ya warware. Akwai na zamani da ake sawa a madadinsa, sun fi fitar da murya tas, amma na bar na asali. Igiyar kan waya mai murɗe ta saki ta miƙe, sai na nannaɗe ta tam a jikin siririn rodi, na tsoma tsakiyar a ruwan zafi ban bari bakunan sun jiƙe ba, na bar ta ta huce, sannan na juya murɗin ta ɗaya gefen. Ta koma tana tsalle.

Launi ne na yi ta jayayya da kaina a kai. Asalinta ruwan madara ce, rana da shekaru sun mai da ita ruwan ɗorawa. Masu tara irin waɗannan wayoyi suna shafa mata man nan mai ferokzaid na masu gyaran gashi, su shanya a rana ta yi fari. Na gwada a cikin murfin inda ba a gani, da hantsi, minti arba'in kacal, sai ga shi ya yi dabbare-dabbare. Ranar Sakkwato ba irin ta masu ba da wannan shawara ba ce. Na fasa. Ko da ma ta yi kyau, akwai wani wuri a kan wayar da ya fi sauran duhu, daidai inda babban yatsan Alhaji ke zama, kuma ban ga dalilin goge shi ba.

Sai babbar matsala: waya ta gyaru, babu layi. Turakun unguwarmu sun daɗe da zama na rataya allon talla. A da ofishin waya ne ke turo wutar magana, bolt 48 zuwa 50 daga manyan batura, abin da ya sa ko an ɗauke wutar gida tarho yana aiki. Ƙararrawa kuma wata wuta take so daban, mai kai-da-komo, wajen bolt 75, tana juyawa sau 25 a daƙiƙa. Batirin mota ba zai kaɗa ta ba, wutar soket kuwa ƙona ta za ta yi, kada ma wani ya gwada. Magana kaɗai ana iya gwadawa da batir mai bolt 9 idan an jera waya biyu. Ni kuwa ɗaya gare ni.

Neman ta biyu ne ya jefa ni cikin abin da matata ke kira ciwon tsofaffin wayoyi. Na bi 'yan gwangwani da 'yan kwance, daga Kasuwar Kara har bayan Babbar Kasuwa, ina nuna hoto a salula. Amsar kusan ɗaya ce: ai da ka zo makon jiya. Su jan ƙarfen koyil da tagullar ƙararrawa suke so, guduma ɗaya suke yi wa murfin. Na bar lambata wurin mutum biyar, na ce duk wanda ya samu kada ya fasa, zan biya fiye da abin da sikeli zai ba shi. Bayan wata biyu wani yaro ya kira ni. Baƙa ce, mai nauyi kamar dutsen guga, da igiyar saƙa, da 'yar aljihun tebur a gindi inda ake ajiye takardar lambobi. Samfurin 332 ce, wanda Ingila ta fara a 1937 bisa fasalin da kamfanin Ericsson ya fito da shi a 1931. Jikinta bakalait ne, robar farko da aka haɗa daga sinadarai zalla, wadda Leo Baekeland ya ƙago a 1907. Idan ka goga ta da yatsa har ta yi ɗumi za ka ji wani wari kamar na asibiti, ta haka ake gane ta gaske. Ba ta narkewa, amma idan ta faɗi tsagewa take kamar tangaran. Na ba shi naira 6,000, yana ta kallona kamar wanda ya ga mai taɓin hankali. Man goge tagulla da tsumma da haƙurin mako guda suka fito da baƙinta har ina ganin fuskata. Yanzu wayoyi biyar ne jere bisa kanta, biyu ba su da kan waya, ɗaya faifanta ya karye, duk ina jiran wata ta mutu ta ba su kayan gyara.

Wurin 'yan kwancen nan dai na sami ɗan akwatin haɗa layukan cikin gida, irin na otal da ofisoshi, tsoho wanda ke gane bugun faifai. Wannan sharaɗi ne, domin yawancin na'urorin yanzu sautin maɓalli kawai suke ji, tsarin da aka fara a Amurka a 1963. Na haɗa shi da batirin sola na gidan Inna, na ja waya ta bin bango. Baƙar na ajiye a ɗakinta, lamba 102. Ta Alhaji na sa a zaure, 101.

Gwajin farko ƙararrawar ta yi wani ƙes-ƙes kamar ƙadangare a kan kwano. Kokunan biyu ramin notinsu ba a tsakiya yake ba, da gangan aka yi haka, don idan ka sassauta ka juya koko sai ya matso ko ya nisanci ɗan gudumar. Na yi ta juyawa har gudumar ta riƙa taɓa kowanne ta janye. Da na sake bugawa daga ɗakin Inna, zaure ya ɗauka, murya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Inna tana tankaɗe ta ajiye rariya. Maƙwabcinmu, wanda ya haura saba'in, ya leƙo ba ko sallama yana tambaya ko an maido da layi ne.

Da Babbar Sallah Yaya ya zo daga Kaduna da iyalinsa. Washegari da hantsi, gida cike, na ɗauko kwaɗon na danna a ramin lamba 1, na jefa makullin a aljihu. Na tara yara a zaure na ce duk wanda ya sa wayar ɗakin Inna ta yi ƙara ba tare da ya cire kwaɗo ba, barka da sallarsa naira 1,000. Suka yi ta ja, suka yi ta murɗawa. Yaya yana zaune kan tabarma yana cin soyayyen nama, yana yi kamar ba ya gani. Ya daure kusan minti goma. Can ya goge hannu a tsumma ya ce, "Ku kauce, ba ku san komi ba."

Ya ɗaga kan wayar ya maƙale a kafaɗa. Yatsa biyu ya sa. Tak. Ya dakata. Sai goma a jere, da saurin da ban taɓa zaton mai furfura zai iya ba. Ya dakata. Tak-tak. Daga can cikin gida baƙar waya ta kece da ƙara.

Yara suka sa ihu. Inna ce ta ɗauka, muna jin muryarta ƙasa-ƙasa daga kan wayar tana cewa wa ka magana. Na karɓe daga kafaɗarsa na ce, "Inna, Yaya na. Kuma kwaɗo na nan rufe, makulli na aljihuna."

Shiru ya ɗan yi tsawo. Sai muka ji takunta a tsakar gida. Ta tsaya a bakin zaure, ta dubi kwaɗon, ta dubi Yaya.

"Ashe kai na. Kuɗɗin Zariya."

Matar Yaya, da ta biyo bayanta da kwanon miya, ta juya da sauri ta koma madafa. Yaya ya fara cewa ai sifirin nan na 069 shi ya fi wuya, sau da yawa sai ya faɗa gidan wasu, kamar wannan ne abin da aka tambaye shi. Inna ta ce ya ba ƙanensa haƙuri a gaban yaran nan, kuma cinyar ragonsa guda a kai gidana. Naira 1,000 kuwa ta ce a raba wa yara alewa.

An kai cinyar da yamma. Kwaɗon kuma ban sake cire shi ba, domin 'ya'yan Yaya uku sun ƙi barin zaure, suna layi suna koyon sifiri.